Wutar da Baba ya kunna da hannunsa

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma wannan guda ɗaya ko tsufa ya ruɗa ni ba na jin zai bar raina. Ita ce ranar da mahaifina, mutumin da ya shafe sama da shekara ashirin yana kashe wutar mutane, ya tsuguna a gaban murhun Inna ya cinna wa wasu takardu wuta ina tsaye ina kallo. Rubutuna ne a jikin takardun, kuma a ranar na yi imani abincin gidanmu yake ƙonawa.

A Gwarzo muke zaune. Baba ɗan kwana-kwana ne, a wani ɗan ƙaramin ofishi da yanzu babu shi, ɗaki biyu da rumfar kwano, sai jar mota guda ɗaya da ta girme ni nesa ba kusa ba. Motar nan jiniyarta ta fi injinta lafiya. Sau da yawa sai an tura ta take tashi, amma idan ta tashi ta saki kuka, duk unguwa sai an leƙo. Ina ƙarama babu abin da nake so kamar Baba ya dawo ya kifa mini hular kwanonsa a ka, ta rufe mini ido, in riƙa yawo a tsakar gida ina cin karo da turmi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Kakinsa kuwa ko Inna ta wanke shi sau uku warin hayaƙi ba ya fita, har ta haƙura ta ware masa ƙusarsa daban a bango. Har yau idan na wuce inda ake ƙona kara, Baba nake tunawa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, yawancin aikin Baba ba da jar motar yake yin sa ba. Inna 'yar Gammo ce, danginta mutanen shanu ne da suka zauna suka kama noma, kuma ta dalilinsu lambar wayar Baba ta zaga ƙauyukan Kabo kaf. Idan wuta ta tashi a ƙauye ba ofis ake nema ba, shi ake kira. Motar kuwa ko dai babu mai a cikinta, ko hanyar ba ta biyuwa. Sai ya ɗaure gatari da shebur a babur ɗinsa, abokin aikinsa direban motar ya hau baya, su kama hanya. Da ya isa ba ya tsayawa salati da jama'a. Zai sa a sare danga, a janye kara da zana daga inda iska ta dosa, mata su yi layi daga bakin rijiya, maza su yi ta watsa ƙasa. Direban nan, wanda muke kira Kawu saboda daɗewarsa da Baba, yakan ce bai taɓa ganin mutum mai sanyin magana da wuta ke jin tsoronsa kamar Baba ba.

Akwai kuma wata baiwa da Allah ya yi masa. Idan wuta ta mutu, yakan zaga wurin a hankali, ya tsuguna, ya tona toka da ɗan kara, ya dubi inda itace ya fi cinyewa da inda bango ya fi baƙi. Kafin ya miƙe ya san daga inda ta tashi, kuma galibi ya san hannun wa.

To, a nan maganar littafi ta shigo. A ofishinsu akwai wani babban littafi mai baƙin bango, Baba ne ke riƙe da shi. Duk gobarar da aka je sai an rubuta rana, da wuri, da sunan mai gida, da musabbabin wutar, sannan a kai wa mai unguwar wurin ya sa hannu. Idan shago ne ya kama a kasuwa, ko wayar lantarki, ko mota a kan titi, Baba yakan rubuta tsaf. Amma gobarar gida a ƙauye wani abu ne daban. A can, a rubuta cewa daga murhun wance wuta ta tashi, daidai yake da a ɗaura mata kayanta a ka. 'Yan'uwa ciki ɗaya sukan daina gaisawa har kabari a kan rumbu guda. Saboda haka Baba sai ya ja mai laifin gefe kamar zai tambaye shi ruwan sha, ya faɗa masa abin da ya gani a toka, ya gaya masa abin da ba zai sake yi ba. Daga nan ya juyo wurin jama'a ya ce ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri. Idan ya koma ofis, ya bar shafin fari fat. Tun da ba man hukuma ya ƙona ba, babu mai tambayarsa.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da na gama sakandare. A shekarar ne aka fara raɗe-raɗin cewa abin da ke shigo wa hukuma ya ragu, kasafi ba zai ɗauki kowa ba. Da farko albashi ne ya fara makara. Daga baya aka ce an kafa kwamiti da zai zaga ƙananan ofisoshi, wanda aka ga ba shi da aiki a rufe shi. Kuma da me za a gane mai aiki? Da littafi. Ga shi Baba yana cikin waɗanda aka ɗauka tun da can a matsayin na wucin gadi, aka yi ta cewa za a tabbatar da su, shekara ta bi shekara ba a yi ba. Irinsu idan aka rufe ofis babu canjin wuri, babu fansho, sai dai takardar godiya.

Gidanmu ya canza ba tare da kowa ya ce komai ba. Inna mace ce mai 'yar waƙa idan tana tankaɗe, sai na lura ta daina. Takan tsaya ta daɗe tana kallon awakinta, irin kallon da ake yi wa abin da za a rabu da shi. Ƙannena uku suna makaranta, ni kuma na ci burin shiga makarantar koyon aikin lafiya, har na gama zaɓen kalar mayafin da zan tafi da shi. Baba kaɗai ne bai canza ba. Yana cin tuwonsa, yana sauraron rediyonsa, idan Inna ta taɓo maganar ya ce, “Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci.” Ni kuwa a lokacin wannan natsuwar tasa haushi take ba ni.

Wata ranar Talata da hantsi, Baba yana ofis, sai ga Kawu direba ya yi sallama. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, aka gaisa, ya gida, ya yara, ya mutanen Gammo, ya aka ji da zafi. Sai da ya sha ruwa ya ajiye kofi sannan ya sauke murya.

“Maman yara, wurinki na zo, ba wurin Malam ba. Jiya na buɗe littafin nan na duba. Wallahi abin da ke ciki ko shafi huɗu bai cika ba a shekara guda. Duk wanda ya gani cewa zai yi barci muke yi a rumfa.”

Inna ta ce, “To ni me zan iya? Ka san halin abokinka.”

“Na san shi, shi ya sa na biyo ta bayan gida. Duk inda muka je ina bayansa a babur, babu wadda na manta. Ba ƙarya za mu yi ba, aikin da muka yi ne da guminmu. A samu mai rubutu mai kyau ta rubuta, gari da gida da dalili, yadda littafi yake so. Idan ya ga an riga an gama, sai dai ya kwafe. Ni 'ya'yana takwas, ke kin san naki.”

Inna ta juyo ta dube ni. “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi,” in ji ta. “Ɗauko biro.”

Kwana uku muka yi muna wannan aiki. Da Baba ya fita Kawu zai zo, ya zauna ya rufe ido yana tunowa, ni ina rubutawa a dogayen takardu da na ja wa layi da rula. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: na ji daɗin aikin. Ba don ceton aikin Baba kaɗai ba, har da daɗin jin abin da ba a so a ji. Ashe dattijon nan da ake tashi tsaye idan ya shigo taro, garwashi ya sa a ƙarƙashin gado ya manta. Ashe wani ɗan'uwan Inna fetur yake ɓoyewa a ɗakin da yaransa ke kwana. Inna tana jin sunansa ta ce “Innalillahi,” ta tashi ta shiga madafi, amma ba ta ce a tsallake shi ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Dugabau. Kawu ya ce a nan suka fi shan wuya, don rumbu biyu cike da dawa suka ƙone ƙurmus da rana tsaka, saura ƙiris wutar ta haura ɗakuna. Gida ne na wa da ƙani, rumbunan na wan ne. Kowa ya tafi a kan cewa masu farautar gafiya ne suka sa wuta a jeji iska ta kwaso ta. Baba ya tona ya ga ba haka ba ne. Matar ƙanin ce ta kwashe tokar murhu ta zubar a bayan danga, ashe da sauran garwashi a ciki. Kawu ya ce yana tsaye daga nesa ya ga Baba ya yi mata magana a bakin rijiya, ya ga guga ya suɓuce daga hannunta. Ya faɗi sunanta da na mijinta, na rubuta da kyakkyawan rubutuna, har ina gyara wasali.

Ranar Alhamis bayan la'asar Baba ya dawo. Inna ta bari sai da ya ci abinci ya wanke hannu, don ita ba ta kai wa mai yunwa magana. Sannan ta yi mini ido. Na kawo takardun na durƙusa na miƙa masa, ƙirjina cike da alfahari, ina jiran a sa mini albarka.

Ya sa tabarau ya karanta tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake layi ba. Da ya gama ya daidaita takardun a gwiwarsa ya ce, “Uwata, rubutunki ya fi na sakatarenmu kyau.” Na yi murmushi. Ya ce, “Akwai wasu bayan waɗannan?” Na ce babu. “Ban da ke da Innarki da direba, wa ya ji?” Na ce babu kowa. Ya ce alhamdu lillahi, ya miƙe.

Na zaci ɗaki zai shiga ya ɗauko littafi. Sai na ga ya nufi madafi, inda Inna ta ɗora ruwan tuwon dare. Ya tsuguna, ya zaro itace mai wuta, ya kara a gefen takardun.

Ban san lokacin da na isa kansa ba. Ni dama tun ina yarinya bakina ya fi ni girma, ranar kuwa na sake shi gaba ɗaya. Na ce, “Baba, kwana uku fa muka yi. Gaskiya ce fa a ciki, babu ƙarya ko ɗaya. Mutanen nan su za su ciyar da mu idan aka kore ka? Su sun yi ɓarna suna zaune lafiya, mu da ba mu ƙona komai ba mu ne za mu kwana da yunwa?”

Bai ɗago ba, yana juya takardun don wuta ta ci ko'ina. Ya ce, “Kin san idan takardar nan ta shiga ofis, daga nan ina za ta?”

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

“Wurin mai unguwa za ta, ya sa hannu. Abin da mai unguwa ya karanta da safe, kafin azahar gari ya ji. Matar nan ta Dugabau 'ya'yanta biyar a gidan nan. Kina ganin za ta ƙara kwana a cikinsa?”

Inna daga bakin ƙofa ta ce, “Malam, naka 'ya'yan fa? Su ba 'ya'ya ba ne?”

“'Ya'ya ne,” in ji shi. “Kuma ina jin tsoro kamar yadda kike ji, kada ki ga ina cin tuwo. Amma na ce wa baiwar Allahn nan magana ta mutu tsakanina da ita. Ban ce mata sai ranar da aikina ya shiga haɗari ba.”

Wannan ne karo na farko da na ji Baba ya ce yana jin tsoro, amma fushi bai bar ni na ji shi da kyau ba sai bayan shekaru. Ya tsaya har takardun suka zama toka. Sannan, saboda hali zanen dutse ne, ya ɗebo ruwa a moɗa ya yayyafa, ya tona da kara ya tabbatar babu sauran ja a ciki. Inna ta ce, “Allah ya sa haka ya fi alheri,” da irin muryar da ke nuna ba ta ga alamar alherin ba. Ni kuwa na yi mako guda gaisuwata ba ta wuce “ina kwana” a taƙaice, ido a ƙasa. Kawu direba da ya ji labari ya daina zuwa gidanmu.

Ranar da kwamiti ya zo, Baba ya goge kakinsa da kansa da dutsen guga na gawayi, ya share takalmi, ya fita kamar mai zuwa ɗaurin aure. Abin da ya faru a can daga bakin Kawu na ji shi daga baya. Shugaban kwamitin dattijo ne mai mutunci, ba mugu ba. Ya buɗe littafi, ya juya shafi, ya sake juyawa, ya ga ya ƙare. Ya ce, “Malam, a shekara guda wannan ne kawai?” Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ne abin da aka rubuta.” Mutumin ya daɗe yana kallonsa, ya ce tun a hanya ake ba shi labarinsa, amma shi ba zai iya ɗaukar labari ya kai sama ba, takarda ake karɓa. Ya tambaya ko akwai mai ƙarin bayani. Kawu ya ce sunayen nan duk suna kan harshensa, ya buɗe baki, sai ya tuna da gugan nan da ya faɗa rijiya. Ya ce, “Babu, ranka ya daɗe.”

Takarda ta fito a farkon damina. An rufe ofishin, an haɗe aikin da wani babba mai nisa. Kawu, da yake direba ne, aka mayar da shi tuƙa tankar ruwa. Baba da wasu mutum uku aka sallame su. Ranar da aka zo tafiya da jar motar ta ƙi tashi, sai janta aka yi. Baba ya dawo da hular kwanonsa a hannu, don an ce ta tsufa ba a buƙatarta, ya rataye ta a ƙusar kakinsa.

Daminar nan ba na son tuna ta, amma ba ta mantuwa. Baba ya koma 'yar gonar gado da ba ta taɓa ciyar da mu wata huɗu ba. Awakin Inna suka riƙa tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Tuwo ya koma sau ɗaya, da safe ɗumame idan an samu saura. Ƙawayena suka tafi makaranta, ni na zauna ina taya Inna surfe, mayafin da na zaɓa yana can a shagon mai shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wayar Baba ba ta daina ƙara ba, shi kuma bai daina ɗauka ba. Wata rana aka kira shi daga wani ƙauye, na ga yana ɗaure gatari a babur, na kasa haƙuri na ce, “Baba, yanzu kuma da sunan wa za ka je?” Ya taka babur ya ce, “Uwata, wuta ba ta tambayar takardar ɗaukar aiki.”

Sai kaka ta yi. Wata safiya da hantsi ina shara a ƙofar gida, amalanken shanu ya tsaya a gabana. Mai shi wani magidanci ne da ban taɓa gani ba. Muka gaisa, ya ce, “Nan ne gidan mai kashe wuta?” Na ce nan ne, amma ya tafi gona. Bai ƙara magana ba ya fara sauke damman dawa yana jinginawa a bangon zaure. Na ruga na kira Inna. Ta fito tana gyara lulluɓi ta ce, “Bawan Allah, ko dai ɓatan kai ka yi? Mu ba mu sayi hatsi ba. Wa ya aiko ka?”

Ya ce, “Hajiya, ni dai an ce in sauke, ba a ce in yi bayani ba.” Ya kaɗa shanunsa ya tafi.

Bayan kwana biyu wani ya zo da buhun masara a bayan babur. Shi ma an ce ya sauke. Daga nan abin ya zama kamar an buɗe hanya: damin gero, tiyar wake a ƙulle cikin tsumma, gyaɗa, ƙwaryar man shanu, har da wata kaza mai baƙin jini da ta addabi unguwa. Babu wanda ya zo da suna. Inna ta je bikin suna a Gammo ta yi ta bugun cikin danginta, kowa ya ce shi bai san zancen ba, har da ɗan'uwan nan nata mai fetur, wanda ya fi kowa rantsuwa. Daga baya muka gane ta inda labari ya fita. Kawu ne, cikin fushinsa, ya riƙa faɗa a tasha da wurin mai shayi cewa abokinsa ya ƙone aikinsa da hannunsa don kada asirin mutanen ƙauye ya tonu. Bai kama sunan kowa ba, zagin Baba kawai yake yi. Amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma waɗanda abin ya shafa sun ji.

Ni da na rubuta takardun, sai na fara wasa da hankalina, ina cewa wannan dawar daga wajen Dugabau ta fito, wannan man shanun na san gidan. Na faɗa wa Baba haka ina dariya, a ranar da na fara sakin fuska da shi. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ban rubuta sunansu ba, su ma ba su rubuta nasu ba. Ki bar shi haka.” Ya tsaya a gaban damman nan ya daɗe, sannan ya shiga ɗaki, kuma na san ba don ya huta ya shiga ba. Da yamma Kawu ya yi sallama, karo na farko tun ranar takardu. Suka zauna a zaure suka yi ta hirar jar mota kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninsu.

Ba zan ce mun koma yadda muke ba. Aiki bai dawo ba, kuma Baba bai sake sa kaki ba har ya bar duniya. Amma ba mu kwana da yunwa ba. Inna ta sayar da rarar hatsi ta mayar da awaki biyu, waƙar tankaɗe ta dawo, shekara ta zagayo na tafi makarantata da mayafi wata kala daban. Kuma duk kaka sai an sauke wani abu a ƙofar gidanmu, wata shekara da yawa, wata kaɗan, bai dai taɓa yankewa ba.

Shekara uku ke nan da rasuwar Baba. Ranar sadakar uku gida ya cika da fuskokin da ba mu sani ba. Ina zaune a ɗakin Inna, sai wata dattijuwa siririya ta matso kusa da ni, ta yi ta'aziyya, ta kama hannuna ta riƙe. Ta ce a hankali, “Ke ce mai rubutun?”

Na ce ni ce.

Ta ce, “Daga Dugabau nake.” Ta ƙara riƙe hannuna. “Ranar nan a bakin rijiya, abu biyu mahaifinki ya ce mini. Ya ce kada in sake zubar da toka sai na jiƙa ta. Ya ce kuma hatsin bawan Allah haƙƙi ne, in riƙa mayar masa a hankali ta yadda ba zai sani ba. Tun daga lokacin duk kaka nakan ɗaure dami daga gayaunata, 'yar gonar da nake nomawa, in sa a cikin na wan mijina. Da na ji abin da mahaifinki ya yi saboda mu, sai na koma ɗaure biyu.” Ta share ido da bakin mayafi. “Mijina ya rasu da daɗewa. Wan nan nasa shi ya riƙe mini yara, shi ya aurar da mata uku daga cikinsu. Har gobe a gidan nake.”

Hawaye suka zubo mini. Ina kallon hular kwanon Baba a ƙusarta, ina tuna maganganun da na faɗa masa a gaban murhu. Da ta tashi tafiya ta sake duba na, da ɗan tsoron da shekaru ba su gama kashewa ba, ta ce, “'Yata, ai kin san sunana ko?”

Na san shi. Har yanzu ina iya ganin yadda na rubuta shi a layi na bakwai. Na ce, “A'a, Inna. Wuta ta cinye shi.”

Yau ina aiki a wani ƙaramin asibiti, kuma babu ranar da wani ba ya ajiye mini abin da ko uwarsa bai gaya wa ba. Akwai abin da dole in rubuta, ina rubutawa, kuma ba zan ce wa kowa ya bar littafin aikinsa fari ba, don na ga abin da hakan ya jawo mana. Amma na koyi cewa riƙe asirin mutum lokacin da ba ya cin ka komai ba wani abin yabo ba ne, kowa ma zai iya. Amana tana farawa ne ranar da tona ta zai cece ka, ka duba yaranka, ka ji tsoro, ka kuma yi shiru. Na yi zaton Baba abincinmu ya ƙone a ranar nan. Ashe gidajen mutane ya sake kashe wa wuta, wannan karon kafin ta tashi.